Leda biyar: yadda muka nemi jini lokacin da ƙanena ya bugu a kai a Gusau

Ranar wata Alhamis ce cikin hunturun bara, bayan la'asar, ina shago a Tudun Wada aka kira ni da wayar Autanmu, amma muryar ba tasa ba. Mai maganar ya ce mota ta buge mai wayar a kusa da shataletalen Lalan, sun sa shi a keke napep sun nufi asibiti. Auta shekararsa 24, kabu-kabu yake yi, kuma hular kwanonsa a ranar tana rataye a ƙusa cikin zaure, inda ta saba kwana ta wuni. Kwana 34 muka yi a asibiti. A cikinsu mun sha wahalar kuɗi, mun sha ta jira, amma babu abin da ya ɗaure mana kai irin maganar jini. Ita zan fi tsayawa a kanta, don wanda Allah ya jarraba da irin wannan ya shiga da idonsa a buɗe.

Na same shi a sashen gaggawa, kwance a kan gadon turawa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, cinyarsa ta dama ta kumbura ta juya. Ba a tambaye ni takardar 'yan sanda ba, kuma ko da an tambaya, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa. Abin da aka ce in yi shi ne in yanki kati, naira 1,500, sannan aka miƙo mini wata doguwar takarda: ruwan drip, safar hannu, robar fitsari, zaren ɗinki, allurai. Wannan zagayen farko kaɗai ya ci kusan naira 28,000. Likitan da ke aiki, wani matashi ne, ya kira sunan Auta da ƙarfi har sau uku, bai buɗe ido ba. Ya danna masa farce, sai ya yi nishi ya janye hannu. Ya haska masa tocila a ido ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta 7 a bisa 15. Na tambaye shi ma'anar lambar, ya ce ma'auni ne na zurfin suma da aka ƙirƙiro a birnin Gilasgo tun 1974, ana duba buɗe ido da magana da motsi. Mai cikakken hayyaci 15 ne, mafi ƙasa 3, kuma daga 8 zuwa ƙasa shi ne mummunan rauni. Ya yi faɗa a kan yadda aka naɗo shi a keke, kansa yana reto, ya ce wanda ya bugu a kai ana ɗaukar cewa wuyansa ma ya taɓu har sai hoto ya nuna akasin haka. Ban ga laifin waɗanda suka ɗauko shi ba, da sun tsaya ɗaukar bidiyo da ba wannan labarin nake bayarwa ba.

Aka ɗinke fatar kan, aka ɗaure ƙafar da ƙarfe, aka ɗebi jininsa. Sakamako ya dawo, PCV 31. Wannan kalma ta PCV ita ce za ku riƙa ji safe da yamma, yawan jajayen ƙwayoyin jini ne cikin ɗari, kuma lafiyayyen namiji yakan kai 40 ko sama. Na ji 31 na yi hamdala, har na kira gida na ce wa Inna jininsa da sauƙi. Likitan ya ji ni, ya ce, "Malam, kada ka dogara da wannan. Awon farko yaudara yake yi, jinin da ya rage a jikinsa bai riga ya gauraya da ruwa ba. Gobe za mu ga gaskiyar." Na ji maganar amma ban auna ta ba. Kuskurena na farko ke nan, domin a daren ne ya kamata in fara kiran mutane.

Hoton kai, wanda suke cewa CT, bai samu ba sai wajen ƙarfe goma na dare. Naira 55,000 muka biya, muka jira aka tada janareta, aka jira nas mai raka shi da tukunyar iskar oksijin. Hoton ya nuna ƙwaƙwalwar ta ƙuje a gefen dama, da 'yar taruwar jini, ga kumburi. Aka ɗauki hotunan da waya aka tura wa likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Sakkwato, suka ce wannan ba na wuƙa ba ne a yanzu, a kula da shi a maimaita hoton idan ya canza. Na so mu ɗauke shi mu tafi can. Aka tuna mini cewa tafiyar ta haura kilomita 200, ta Bungudu da Maru da Talata Mafara, hanyar da ko mai lafiya ba ya bi da dare, balle mai karyayyar cinya da numfashi sama-sama. Muka haƙura. Gado a ɗakin kulawa ta musamman bai samu ba sai da safe, bayan mun ajiye naira 150,000, aka sa masa bututu a maƙogwaro, na'ura ta karɓi numfashinsa, aka ɗaga kan gadon kaɗan saboda kumburin.

Da hantsin Juma'a aka fito da sabon sakamako, PCV 21. Babbar likitar ɗakin ta kira mu, ni da Inna, ta ce a nemo jini leda uku, ɗaya yanzu-yanzu. Inna ta dube ta ta ce, "Ɗiyata, ai an ɗunke kan, jini ya tsaya. To wanga jini ina yaka zuwa?" Tambayar da ke raina ke nan. Likitar ta zauna ta yi mana bayani. Babban mutum jininsa kusan lita biyar ne. Fatar kai idan ta tsage tana zubar da jini fiye da yadda ake zato, kuma ƙashin cinya idan ya karye yana iya tara lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin naman cinyar, ba tare da ko ɗigo ya fito waje ba. Ga ruwan drip da aka yi ta ɗura masa don kada bugun jininsa ya faɗi, shi kuma ya tsinka wanda ya rage. Ta ce, "Mama, ƙwaƙwalwa ƙarama ce, amma ita kaɗai ke cin kashi ɗaya cikin biyar na iskar da mutum ke shaƙa, jini kuma shi ne ɗan dakon iskar. Bugun da ya sha a titi ya riga ya faru, ba mu da iko a kansa. Abin da muke tsarewa shi ne kada wuraren da suka tsira su ma su mutu saboda ƙarancin iska." Daga nan Inna ba ta sake musu ba. Aka ba ni takardar amincewa na sa hannu.

Yadda abin ke tafiya shi ne, nas za ta ɗebi jinin majinyacin a 'yar kwalba ta rubuta sunansa da lambar katinsa, ta haɗa maka da fom, kai mai jinya ka kai ɗakin ajiyar jini. Ka duba rubutun nan da idonka kafin ka bar wurin. Namu an rubuta lambar katin da kuskuren harafi ɗaya, ma'aikacin ɗakin jini ya ƙi karɓa, na koma aka sake ɗiba, kusan minti arba'in suka tafi a banza. Na ji haushinsa a lokacin, yanzu kuwa na san aikinsa ya yi, don sa wa mutum jinin da ba nasa ba kisa ne. Aka gwada, rukunin Auta O ne mai alamar ƙari. Ni A ne. Na ɗauka tunda uwa ɗaya uba ɗaya muke, kawai za a kwantar da ni a zuƙa a sa masa. Ashe mai O ba ya karɓar jinin kowa sai na O ɗan'uwansa, duk da cewa shi yana ba wa sauran. Ma'aikacin ya ce akwai leda ɗaya ta O a firij, za su ba mu ita, amma da sharaɗin musanya, wato in ba da nawa a ajiye wa wani. Sauran biyun kuwa sai mun kawo mutane. A nan na gane cewa ɗakin da ake kira bankin jini, a garuruwanmu, dangin majinyaci ne ke cika shi.

Ina fitowa daga ɗakin wani saurayi ya matso kusa da ni daga gindin dogon yaro, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Alhaji, wane gurup?" Ya ce yana da yara, naira 25,000 kowace leda, za su shiga a matsayin 'yan'uwana. Ba zan ɓoye ba, raina ya raya mini in yarda, don a lokacin ji nake kowane minti ɗaya ran Auta ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne na kalli yaran da ya nuna mini, biyu ne zaune a kan benci, idanunsu sun yi fari fat, da gani sati bai cika ba da aka zuƙe su. Sayar da jini ma doka ta hana. Sannan mai sayarwa ba zai taɓa gaya wa ma'aikaci gaskiyar lafiyarsa ba, kuma akwai cututtukan da idan sabon kamu ne gwaji bai cika gano su ba. Na ce masa Allah ya ba da kasuwa, na wuce.

Ni aka fara ɗiba. Aka auna nauyina, sai ka kai kilo 50, shekaru kuma daga 18. Aka tsikari yatsana aka ga jinina ya isa, aka yi mini tambayoyi: na yi zazzaɓi kwanan nan, ina shan wani magani, yaushe rabona da ba da jini. Aka gwada cututtuka huɗu, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da na C, da tunjere. Sannan na kwanta. Allurar tana da kauri, wannan gaskiya ne, amma zafin na shiga ne kawai. Aka ba ni wata ƙwallon roba ina matsawa, ledar tana kan ɗan sikeli a ƙasa tana kumbura a hankali, ja mai duhu kamar zoɓon da bai ji ruwa ba. Cikin minti goma ta cika, mililita 450, bai kai ledar fiya wata ɗaya ba. Na roƙi ma'aikacin ya bar ni in taɓa ta. Da ɗumi. Aka ce in zauna minti goma sha biyar, na sha lemo, na miƙe ban ji komai ba sai yunwa. Kuɗin gwaji da leda da haɗa jinin da na majinyaci naira 12,000 ne a kan kowace leda. Mutane suna ƙorafin cewa sun ba da jini kyauta an sayar musu, alhali kuɗin kayan aikin ne ake biya. Duk waɗannan farashin na lokacin ne, kuma kun san yadda kaya ke tashi.

Haɗin, wato gwada ko jinin ledar zai dace da na Auta, ya ɗauki fiye da awa ɗaya. Aka miƙo mini ledar O ɗin da sanyinta cikin 'yar kula. A bakin ƙofa kawunmu ya karɓa ya ce jini mai sanyi haka zai daskarar da yaro, a samo ruwan zafi a tsoma ta. Allah ya sa nas ta hango. Ta ce, "Baba, don Allah kawo. Ruwan zafi fasa ƙwayoyin yake yi, sai ya zama guba." Ta gaya mini cewa a firij ana ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 6, yana kai kwana 35, amma da zarar ya fito dole ya gama shiga jiki cikin awa huɗu. Saboda haka kada ka karɓo leda sai nas ta ce ta shirya. Su biyu suka tsaya, ɗaya tana karanta suna da lamba da rukuni a jikin ledar, ɗayar tana dubawa a fayil. Minti goma sha biyar na farko a hankali aka sake shi, nas tana tsaye tana auna zafin jiki da bugun zuciya. Ta tagar gilashi nake leƙe, ina ƙirga ɗigon.

Neman sauran shi ne aikin da ya cinye mini yinin Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci na samu mutum bakwai. Ɗaya yana ganin allura ya ce zai je ya kama ruwa, bai dawo ba. Ɗaya shekararsa 17. Wani ɗan gwaggonmu jininsa bai kai ba, aka ce shi ma ya je ya ci abinci mai kyau. Wani kuma aka kira shi gefe aka yi magana da shi, ya fito jiki a sanyaye, sai bayan sati biyu ya gaya mini da kansa cewa ciwon hanta aka gano masa, bai taɓa sani ba. Ba a faɗa wa dangi dalilin mayar da mutum, kuma kada ku matsa da tambaya. Cikin bakwai uku suka tsallake. Akwai waɗanda na kira suka ce ba da jini yana rage ƙarfin namiji, ko jinin ba ya dawowa. Ruwan jinin cikin kwana ɗaya ko biyu yake komawa, ƙwayoyin cikin 'yan makonni, kuma namiji yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Cikin ukun da suka bayar har da wani ɗan kabilar Ibo mai sayar da kayan babur, wanda Auta ke sayen kaya a wurinsa, shi ya rufe shago ya zo da kansa, kuma O ne. Baba ya ja ni gefe ya tambaya ko jinin bare yana sa 'yan'uwantaka kamar shan nono, har ya haramta aure. Muka tambayi limamin unguwarmu, ya ce ba ya sawa, hukuncin shayarwa daban ne.

A daren nan ne aka yi abin da ya kusa sa in yi rigima. Bayan leda ta farko PCV ya hau 24. Likitan dare ya ce ya isa haka, a dakata da ta biyu. Da safe babbar likitar ta zo zagaye, ta duba fayil, ta ce a sa ta biyu. Na tare ta a baranda na ce, "Ranki ya daɗe, wanne za mu ɗauka? Jiya an ce ya isa, yau an ce bai isa ba. Ko dai gwaji ake yi da ɗan'uwana?" Ba ta ji haushi ba. Ta ce duka biyun suna da hujja. Tun wani babban bincike da aka yi a Kanada a 1999, likitoci suka koma ga cewa majinyacin da ke ɗakin kulawa ta musamman ba a ƙara masa jini sai himogulobin ɗinsa, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya sauka ƙasa da 7, wato PCV kusan 21, don PCV kusan ninki uku ne na himogulobin. Dalili kuwa jini ba ruwan sha ba ne, yana iya kawo zazzaɓi, yana iya cika huhu da ruwa, yana iya ɗauko cuta. Likitan dare wannan ƙa'idar ya bi. Amma an daɗe ana tababa ko ƙwaƙwalwar da ta ji rauni za ta jure ƙarancin da sauran gaɓoɓi ke jurewa, kuma a 2024 aka fitar da manyan bincike biyu a kan haka.

Daga baya na nemi alƙaluman na karanta da kaina. Na farkon, wanda likitocin Kanada suka jagoranta, mutum 742 ne masu raunin kai, aka kwatanta ƙara jini tun himogulobin yana 10 da jira har ya sauka 7. Waɗanda aka yi wa ƙari da wuri sun ɗan fi samun sauƙi bayan wata shida, amma tazarar ba ta kai a yanke hukunci da ita ba, kuma matsalar huhu ta ɗan fi yawa a cikinsu. Na biyun, wanda aka jagoranta daga Beljiyam, mutum 850 ne, masu raunin kai da masu zubar jini a ƙwaƙwalwa, aka kwatanta 9 da 7. Bayan kwana 180, kusan 63 cikin 100 na waɗanda aka ƙara wa daga 9 ko dai sun rasu ko sun tashi da naƙasa mai nauyi, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan 73. Mutum goma cikin ɗari ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗaya fuskar lissafin: a asibitocin da ba a ɗauke wuta, ba a aika dangi neman jini, har yanzu shida cikin goma ba su koma yadda suke ba. Ita dai likitar a ranar cewa ta yi tana so ta riƙe Auta a PCV 27 zuwa sama muddin akwai jinin, ta ƙara da cewa a nan wani lokaci abin da ke firij ne ke yanke hukunci ba littafi ba, don leda ɗaya da aka sa wa Auta wata mai haihuwa ce ta rasa.

Leda ta biyu ta shiga lafiya, ya kai 27. A kwana na biyar ya sake saukowa 24, cinyar tana ci gaba da tsiyaya a ciki, ga ɗibar jini don gwaji kullum. Ta uku ce ta tayar mana da hankali. Ba a yi minti ashirin da sa ta ba jikinsa ya ɗauki zafi ya fara karkarwa. Nas ta rufe robar nan take, ta maye gurbinta da ruwa, ta kira likita. Aka mayar da ledar ɗakin jini tare da sabon samfurin jininsa da fitsarinsa, a tabbatar ba kuskuren rukuni ba ne. Awa biyu ina zaune a kan tabarma a waje, carbi a hannu, ban san me nake ja ba. Sakamako ya nuna rukunin daidai ne, zazzaɓin da jiki kan yi ne idan ya ji baƙon jini, aka ba shi maganin zazzaɓi ya sauka. Ledar dai ta tafi, ba a sake amfani da wadda aka huda. Washegari aka sa ta huɗu. Da aka zo aikin cinyar a kwana na goma sha shida, likitocin ƙashi suka ce ba za su shiga ba sai an ajiye leda biyu a gefe. A wannan karon na riga na koyi darasi, mutanena suna jira tun kwana biyu kafin ranar. Ɗaya aka yi amfani da ita, ɗayar muka bar wa asibiti.

Auta ya buɗe ido a kwana na tara, yana kallon silin, bai san kowa ba. A na goma sha ɗaya aka cire bututun, a na goma sha uku aka mayar da shi ɗakin maza. Kalmar farko da ya furta "ruwa" ce. Wani dattijo da ke gadon kusa da nasa a ɗakin kulawa, wanda shi ma haɗari ya yi a hanyar Ƙauran Namoda, leda biyar aka sa masa kamar Auta, 'ya'yansa ba su bar komai ba, ya rasu a kwana na shida. Na faɗi wannan ne saboda na ga dangi suna ɗaukar ledar jini kamar ita ce maganin suman, idan an sa ba a farka ba sai a fara zargin likita ko zargin jinin. Jini ba ya ɗinke ƙwaƙwalwa. Lokaci yake saya mata, ita ce za ta warke gwargwadon abin da bugun ya bari.

Da zan sake komawa daren Alhamis ɗin nan, Allah ya kiyaye, tun ana ɗinkin zan fara kira. Wanda ya bugu a kai har ya suma, musamman idan akwai karaya, ku ɗauka za a nemi jini ko da awon farko ya yi kyau. Idan an ce leda uku, ku tara mutum shida ko bakwai, don rabi za su zube a wurin gwaji, kuma su ci abinci su sha ruwa kafin su zo. Ku tambayi rukunin majinyaci tun ranar farko, amma kada wanda rukuninsa bai zo daidai ba ya koma gida, musanya tana aiki. Ƙungiyar 'yan kabu-kabu da matasan masallaci sun fi dangi na nesa saurin amsawa, wannan na gani da idona. Mutum ɗaya ya riƙe takardu, rasit da fom da sakamako, a cikin jaka ɗaya. Ni ƙaramin littafi na saya ina rubuta PCV na kowace rana da lambar suman, kuma shi ya sa nake gane ko gaba muke yi ko baya, maimakon in tare kowane mai farar riga ina tambayar ya jiki. Idan likitoci biyu sun saɓa, a nemi babban cikinsu a tambaye shi cikin ladabi wace lamba yake so a riƙe da dalilinsa. Kuma a bar 'yan kuɗi a hannu da daddare, don akwai daren da na'urar cirar kuɗi ta ƙi aiki, na yi ta zagaye har ƙarfe ɗaya ina neman naira 12,000.

Yau Auta yana tafiya da sanda, hannunsa na hagu bai gama ƙarfi ba, muna kai shi gashi sau biyu a sati. Yana da saurin fushi, abin da ba halinsa ba ne a da, kuma yana mantuwa. Babur ɗin mun sayar, kuɗinsa ma a asibitin suka ƙare. Da ya ji labarin ledojin, ya ce in rubuta masa sunayen duk waɗanda suka ba da jini, mutum shida har da ni, yana so ya bi su gida-gida ya yi godiya. Na ɗauke shi a keke muka zaga su cikin kwana biyu. Bayan sati ɗaya ya same ni a shago da takardar a hannu, ya ce, "Yaya, yaushe za mu je wajen mai kayan babur? Shi kaɗai ya rage." Na buɗe baki zan ce ai mun je, har ya ba ka lemo, sai na fasa. Na rufe shago muka koma. Mutumin ya tarbe shi kamar ranar ce ta farko, ya sake aika yaro ya sayo lemo.